Ɗan Kanada da Buhun Gishiri

Ƙanena Warrick ya taɓa zuwa Kanada. Ya yi 'yan watanni yana wanke kwanuka a wani otal, ya dawo, kuma tun daga lokacin kunnuwanmu ba su huta ba. In ka ce ana sanyi, ya ce ba ka ga sanyi ba. In ka ce hanya ta daskare, ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce a can irin wannan ranar yara ke fita da gajeren wando. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na yi rainonsa, amma akwai ranakun da nake kallonsa ina tunanin ko musanya aka yi mana a asibiti. Gari kuwa tuni ya raɗa masa suna Ɗan Kanada, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

Hunturun da nake ba ku labari sai ya ƙara da mota. Ja ce, motar tsere, kujera biyu, rufin tamfol, cikinta kusan yana shafar ƙasa. In ta tsaya kusa da a-kori-kurata sai ka ce takalmi wani ya cire ya ajiye. Daga birnin Auckland aka kawo ta, inda ba su san dusar ƙanƙara ba sai a talabijin. Mu nan Tarnburn, a tsakiyar yankin Otago, kowa a-kori-kura gare shi da sarƙar da ake ɗaura wa taya saboda sulɓi a bayanta, don ba ma son mutuwa.

Abin da ke cin ran Warrick shi ne ƙungiyar wasan dutse. In tafki ya daskare, akan zana da'ira a kan ƙanƙara, a riƙa turo duwatsu masu mariƙi daga nesa, abokan wasanka na share gaban dutsen da tsintsiya, wanda nasa ya fi kusa da tsakiya shi ya ci. Duk wani mai mutunci a garin yana cikin ƙungiyar. Kawunmu Alasdair ne shugaba, kuma ya ƙi sa Warrick ƙememe. Ya ce wasan na masu iya rufe baki ne.

Tafkin kuwa ya daɗe yana ba mu kunya. Shekara da shekaru sanyi zai zo ya yi ɓawo siriri, ya narke. Kawu ya haura tamanin, gwiwoyinsa sun fara ƙin jin magana, kuma ba ya ɓoye burinsa: yana so ya ƙara tura duwatsun babansa a tafkin garinsu ko sau ɗaya ne, a gaban maƙwabtanmu mutanen garin Blackmoss da suka lallasa mu a karon ƙarshe suka tafi suna waƙa. To, a Yulin shekarar, wanda a wurinmu shi ne tsakiyar hunturu, sanyi ya kama ya ƙi saki. Aka huda ƙanƙara aka auna, aka ce ta yi kauri. Waya ta zaga gari: gobe da hantsi, kowa ya ajiye abin da yake yi.

Duwatsun Kawu a barandata suke kwana, don in dutse ya ji ɗumin ɗaki sai ya manne a ƙanƙara ya ƙi tafiya. Guda biyu ne, kowanne sai ka yi nishi kafin ka ɗaga. Kawu ya yi sammako zuwa tafki don zanen da'ira, ya bar min saƙo in taho da su tare da tukunyar miya, tunda ni ke ciyar da 'yan wasa. Na fito da tukunya, na duba baranda, wayam. A ƙofar gida ga jar mota tana huci, ga Warrick da baƙin tabarau da safar hannu ta fata.

"Warrick, ina duwatsun Kawu?"

"Suna but, Yaya. Kwantar da hankalinki."

"But ɗin wa?"

"Ilimi ne, ba za ki gane ba. Tayoyin baya ne ke tura motar nan, in an ɗora musu nauyi sai su kama ƙasa. A Kanada buhun yashi ake sawa. Ni kuma na ga duwatsu zaune ba aikin yi. Kafin ki kunna wannan amalanken naki na kai su. Kawu ya ganni na iso a kan lokaci, yau ba shi da bakin hana ni shiga ƙungiya."

"Buɗe but ɗin nan."

Ya bubbuga aljihunsa inda makullin but yake, ya yi min murmushi. A lokacin ne na lura da fasinjansa. Wani ƙaton buhu ne zaune a kujerar gefe, an ɗaure shi da bel kamar mutum. Tsayinsa ya hana rufin rufuwa, don haka motar a buɗe take, cikin sanyin da ke daskarar da majina. A bakin buhun kuma ga ludayina na miya a soke.

"Wannan ai gishirin tumaki ne!"

"Gishiri gishiri ne. Matsalar ƙasar nan ke nan, kuna ta watsa tsakuwa a hanya kamar masu ba kaji abinci. A Kanada gishiri ake zubawa, ƙanƙara ta narke, mutum ya wuce abinsa."

"To sarƙa fa?"

"In ɗaura wa wannan tayar sarƙa? Haba Yaya, ke ma ki ji tsoron Allah. Kalle ta fa."

Ya faɗa ciki, ya taka totur. Motar ta yi wani ruri har karen maƙwabta ya shige ƙarƙashin baranda. Tayoyin baya suka yi ta juyi, suka watsa min dusar ƙanƙara tun daga kai har ƙafa, ita kuwa motar ko taku ɗaya ba ta yi ba. Ya fito, ya ɗebi gishiri da ludayina ya barbaɗa gaban kowace taya kamar mai gyara nama, ya koma. A karo na biyu ta motsa, amma a kaikaice, ta goge akwatin wasiƙuna ta kwantar da shi, sannan ta sami hanya ta miƙe. Na jefa tukunya a kujerar gaban motata, na rufa masa baya ina addu'a da zagi a haɗe.

Hanyar tafki siririya ce, ba wurin wuce mutum, don haka komai a idona aka yi. Dabararsa ita ce sitiyari a hannu ɗaya, ludayi a ɗayan. Zai ɗebi gishiri ya wurga gaba ta saman gilashi don ya narkar da hanyar da zai bi. Abin da bai lissafa ba shi ne iska. Ludayin farko ya dawo masa a fuska. Na biyu ya shiga ta ƙarƙashin tabarau. Na ga ya saki sitiyari yana murzar ido da hannu biyu, motar kuma ta yanke wa kanta shawara, ta bar hanya, ta soke hancinta cikin tulin dusar ƙanƙarar da ke bakin shingen Tipene.

Tipene maƙwabcinmu ne, mai kiwon tumaki, kuma yana cikin mutum huɗun da za su buga wa Kawu. A daidai lokacin ya buɗe ƙofar shinge yana kora garkensa zuwa ɗaya gonar da ya zuba musu harawa, don ya samu ya tafi wasa da wuri. Ya tsaya da sandarsa, ya dubi motar, ya dubi Warrick da idanu jajur suna hawaye.

"Sannu da zuwa, Ɗan Kanada. Shayi za a kawo ko wucewa kake?"

"Gwada birki nake."

"Ya yi kyau. Shingena ma yana ci."

"Ka ɗan tura ni mana, sauri nake."

Tipene ya sa kafaɗa zai tura, sai ya ga buhun. Fuskarsa ta canja nan take. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san tumakin tudu kan gishiri ba su da hankali. Da shi ake sauko da su daga kan dutse in an rasa dabara. Kuma waɗannan sun kwana biyu ba su lasa ba.

"Warrick," ya ce a hankali, "me ke cikin buhun nan?"

Kafin a ba shi amsa, wata tsohuwar tunkiya ta ɗaga hanci sama, ta yi kuka ɗaya, garke ya juyo gaba ɗaya. Cikin ƙiftawar ido jar motar ta ɓace, sai ulu kawai kake gani da kan Warrick a tsakiya. Suna lasar ƙofa, suna lasar madubi, suna lasar gilashi. Wata ta sa harshe ta share masa kunne. Wani rago mai ƙaho ya ɗora ƙafafun gaba a ƙofar gefe, ya soka ƙaho cikin buhun, ya farke shi daga sama har ƙasa.

"Fentina! Tipene, kira dabbobinka!"

"Kai ka kira su, ni me zan ce musu?"

Warrick ya danna oda, ya sa giyar baya, ya taka. Da turin tumaki da ikon Allah motar ta fito, ta juya, ta kama hanya. Gishiri kuwa na tsiyaya ta ƙarƙashin ƙofar gefe, layi guda fari tas a tsakiyar hanya. Garke ya bi layin a guje. Karnukan Tipene suka yi haushi, suka zagaya, suka tare, ko a jikin tumakin. Tipene ya buɗe motata ya faɗo ciki ya ɗora tukunyar miya a cinya.

"Bi su, Noeline," ya ce min. "Ina ya nufa?"

"Tafki."

Ya ƙanƙame tukunyar. Can ya ce, "Ki ce min zai tsaya a saman gangare."

Na ƙara taka totur kawai, don ba na son yin ƙarya da sassafe.

Daga kan tudu zuwa tafki akwai gangare da rana ba ta taɓa shi duk hunturu, sulɓinsa kamar an zuba mai. Kowa a sama yake ajiye mota, ya sauka a ƙafa yana jan kayansa a hankali. Motocin Tarnburn da na Blackmoss na jere a wurin. Warrick ya zo ya wuce ta tsakaninsu yana ɗaga ludayi sama, yana danna oda don a san ya iso. Daga baya ya ce da gangan ya sauka. Ni dai na ga fitilar birki a kunne tun daga sama har ƙasa.

Motar ta fara da tafiya gaba. A tsakiyar gangare ta juya ta ci gaba da baya, har muka haɗa ido da shi ta gilashi, bakinsa a buɗe. Ta kwashe teburin shayi da kofuna, ta ratsa tsakanin tsintsiyoyin da aka jingine, ta hau ƙanƙara. Mutane suka dare. A kan tafkin ta yi juyi uku masu kyau, tana fesa gishiri kowane ɓangare, ta rage gudu, ta ja jiki a hankali, ta tsaya cak a tsakiyar da'irar da Kawu ya ɓata safiyarsa yana zanawa a durƙushe.

Warrick ya gyara tabarau, ya miƙe tsaye a kan kujera, ya buɗe hannuwa.

"Kawu, ga duwatsunka! A kan lokaci, har bakin aiki!"

Beryl Sangster, shugabar 'yan Blackmoss, tsohuwa ce da harshenta ya fi allura tsini. Ta tako a hankali, ta leƙa ƙarƙashin motar, ta dubi Kawu.

"Gaskiya dai gaskiya ce, Alasdair. Tun ina budurwa nake wasa da mutanen garin nan, ban taɓa ganin ɗan Tarnburn ya sa abu a tsakiya haka ba."

Sai ga tumaki.

Sun gangaro ɗari da ɗoriya, wasu da ƙafa, wasu da gindi. Da suka hau ƙanƙara kowace ƙafa ta kama gabanta. Wata ta zame ta kwashe mai tsaron ƙofar cocinmu, suka tafi tare. Waɗanda suka iya tsayuwa suka sa harshe a ƙasa, waɗanda suka kasa suka yi lasar a kwance, kuma duk inda suka tsaya sai sun bar shaida. Inda gishiri ya faɗa kuwa ƙanƙara ta riga ta fara cin kanta, ramuka-ramuka, ruwa na taruwa a ciki. Filin da aka share shi sumul da asuba ya koma kamar garke bayan ruwan sama.

To, dokar wasan nan tun kakanni ita ce a kan ƙanƙara ba zagi, ba ashar, kuma kowa ɗan'uwa ake kiransa. Ba a taɓa karya ta ba, ranar ma ba a karya ba. Na ga ƙarti sun kewaye motar, fuska ta yi ja, jijiyar wuya a tashe, suna cewa, "Sannu, ɗan'uwa. Ka kyauta, ɗan'uwa." Tipene ya zo ya dubi Warrick, ya buɗe baki, ya rufe. Ya taka har gaɓa, ya ɗora ƙafa biyu a kan ƙasa, ya juya wa mata baya, ya zazzage abin da ke cikinsa da Turanci da yaren kakanninsa. Ya dawo kan ƙanƙara ya ce, "Ɗan'uwa, ko za ka taimaka ka fitar da motar nan?" Da mutane suka ga dabarar, sai layi ya kafu a gaɓa.

Kawu shi kaɗai bai motsa ba. Yana tsaye dogare da tsintsiyarsa.

"Ɗan'uwa," ya ce, "buɗe but ka ba ni duwatsun babana."

"Yanzu kuwa, Kawu. Kada ku damu da ɗan gishirin nan, a Kanada..."

Ƙas! Ƙarar kamar an harba bindiga. An auna ƙanƙarar ne don mutane da duwatsu, ba wanda ya auna ta don mota da garken tumaki. Tsaga ta fito daga ƙarƙashin tayar baya, ta gudu har gaɓa. Wata ta bi ta. Kowa ya yi ta kansa, tumaki ma a karon farko suka nuna hankali suka bi mutane. Ni da Beryl muka kama Kawu hannu bibbiyu muka fitar da shi. Bayan motar, inda nauyin yake, ya fara sauka a hankali, ruwa baƙi na bulbulowa, hancinta na ɗagawa sama. Warrick ya haye gilashi, ya koma kan bonet, ya rungume shi.

"Motata! Jama'a, motata! A kawo tarakta!"

Tafkinmu ba shi da zurfi, iyakarsa ƙugu, kowa ya sani. Don haka ba wanda ya yi gaggawa.

"Duwatsuna," in ji Kawu daga gaɓa.

"Kawu, ruwan nan kisa ne!"

"Makullin but na aljihunka. Duwatsun guda biyu ne."

Haka Ɗan Kanada ya sulale cikin ruwa a gaban garuruwa biyu. Ƙarar da ya yi ta sa karnuka haushi. Ya lalubi but a ƙarƙashin ruwa, ya buɗe, ya rungumo dutse ɗaya, ya taho yana fasa ɓawon ƙanƙara da ciki, haƙoransa na kaɗawa. Ya ajiye a gaban Kawu, ya miƙa hannu a jawo shi. Kawu ya ɗaga masa yatsa ɗaya, ya nuna motar. Ya koma.

Dariyar da aka yi ranar ba a magana, har da ni. Amma da na juya na ga Kawu sai dariyar ta ɗauke. Ya zauna a kan akwatin lemo da aka kife, duwatsun biyu a gabansa, ya ciro hankicinsa yana goge su ɗaya bayan ɗaya, yana kallon tafkin da ya jira shekara da shekaru ya zama kunu. Na tausaya masa har hawaye ya zo min, kuma da Warrick ba jinina ba ne da na mayar da shi ruwan da kaina. Beryl ta dafa kafaɗarsa ta ce a ba tafkin kwana biyu ya sake daskarewa, za su dawo. Washegari iska mai ɗumi ta taso daga arewa maso yamma, ta narkar da abin da ya saura.

Miyar dai an sha ta a gaɓa, da kofi aka yi ta ɗiba tunda ludayi na ƙasan tafki. Warrick na naɗe cikin bargon doki, leɓe ya yi shuɗi, amma da ɗumi ya ɗan ratsa shi sai na ji yana gaya wa wani ɗan Blackmoss cewa ba kowane direba ne zai iya tsayar da mota a tsakiyar da'ira ba. Kawu ya ji. Ya buga cokali a kofi, aka yi shiru.

"Yaron nan ya daɗe yana neman shiga ƙungiya," ya ce. "Daga yau ya shiga. Har muƙami na ba shi."

Warrick ya washe baki, ya dube ni. "Kin ji ko, Yaya?"

"Duk shekara," Kawu ya ci gaba, "kafin a auna ƙanƙara, sai wani ya fara takawa a ji ko za ta ɗauki mutum. A da kare muke turawa. To, an hutar da kare."

Aka tafa har tumaki suka firgita.

Bana ma tafkin ya ɗan yi ɓawo, siriri, har kana hango ciyawar ƙasa. Kowa ya san ba zai yi wasa ba, amma Kawu ya ce doka doka ce, a gwada. Ya sa aka kai masa kujera gaɓa. Aka ɗaura wa Warrick igiya a ƙugu, aka miƙa wa Kawu ɗaya bakin, rabin gari na tsaye. Warrick ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu, ƙanƙara ta yi ƙara a ƙarƙashinsa. Ya ƙame, ya kasa ko waiwayowa.

"Kawu! Kana riƙe da igiyar kuwa?"

Na dubi Kawu. Hannayensa biyu na rungume da kofin shayi, bakin igiyar na yashe a ƙasa kusa da takalminsa. Ya hura shayin, ya kurɓa.

"Ina riƙe, ɗan'uwa," ya ce. "Ƙara gaba."